Takardar Surukina da Na Ƙi Taɓawa

Har gobe ban manta da Lahadin da surukina ya tako da ƙafarsa ya zo gidana ba. Ku da kuka taso a nan Ingila ba lalle ku ga abin mamaki a ciki ba, amma a wajenmu suruki ba ya zuwa, aikowa yake yi a kira ka, ka je ka tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ka durƙusa kana kallon kafet. Tunda na auri 'yarsa Bilkisu ko ruwan gidana bai taɓa sha ba. Sai ga shi ranar ya hawo bas daga Small Heath, da babbar riga da hula, ya danna mini ƙararrawa ina tsaka da wanke kwanuka da gajeren wando. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san dalili. Baba Alhaji muke ce masa.

Bari in fara gaya muku inda nake aiki a lokacin, saboda waɗanda ba su san tsarin ba. Ina sashen kula da filayen shaƙatawa ne na wata council a yankin Birmingham, wato ƙaramar hukuma. Ni jami'i ne na tsaka-tsaki. Sama da ni akwai shugabar sashe, wata mata mai suna Beverley, wadda ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, sama da ita kuma akwai darakta. Duk mu nan ma'aikata ne, ɗaukar mu aka yi. A ɗaya gefen kuma akwai kansiloli, su jama'a ke zaɓa. Aikina shi ne duk ƙungiyar da ke son yin taro a fili ta turo takardar nema makonni kafin ranar, ta faɗi rana da yawan mutane da inshora da wanda zai kwashe shara, ni kuma in duba in ba da izini ko in hana.

Ilimin tafiyar da aikin gwamnati na karanta, digiri na farko a gida, na biyu a Manchester, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Hulme wanda in na miƙe ƙafa sai ta taɓa firij. Baba Alhaji kuwa akanta ne mai ritaya, kuma bai taɓa ɗaukar karatuna a bakin komai ba. Ranar da aka kai ni gaishe shi da maganar aure ya tambayi abin da na karanta, aka gaya masa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wato ka yi digiri biyu a kan yadda ake cewa a dawo gobe." Aka yi dariya, ni ma na taya su, don ba ni da zaɓi.

To, ranar Lahadin nan na ruga na zura jallabiya, na dawo na zube a ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa ya shiga maganar da ta kawo shi. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta unguwanninmu, kuma shekara da shekaru abin da ke damunsa ɗaya ne: jikokinsa ba su taɓa ganin sallar Idi a fili ba. A ɗakin taro na haya, wato hall, muke yin ta, kashi-kashi, wasu na fita wasu na shiga. Shekarar nan azumi ya faɗo a lokacin zafi, ƙaramar Sallah kuma za ta kama Asabar ko Lahadi, ranar da kowa ke gida. Ya ce bana a fili za a yi, a shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, a ci tuwo a nan, yara su san yadda ake yi.

"Na riga na sanar a masallaci ranar Juma'a," in ji shi. "Na ce su kwantar da hankalinsu, filayen garin nan duk a hannun yaronmu suke. Na kuma kira Dokta Aminu a Manchester, ya ce za su yi hayar coach, babbar bas ɗin nan, su zo da iyalansu."

Ban ɗago kai ba, na ce, "Allah Ya nuna mana, Baba." Ya yi mini addu'a ya tafi, ni kuma na zauna a inda nake har Bilkisu ta zo ta tambaye ni ko lafiya.

Ba lafiya ba. Ƙa'idar aikinmu ita ce, in takarda ta zo daga ɗan'uwanka ko surukinka ko abokinka, ba ka taɓa ta. Za ka je ka shaida wa shugabanka a rubuce, a miƙa wa wani. Wannan ba sabon abu ba ne, yana daga cikin tushen karatun namu. Kafin a fara koyar da aikin gwamnati a matsayin ilimi, muƙami a ƙasashe da yawa kyauta ne da mai mulki ke raba wa yaransa, wanda ya samu kuma ya raba wa nasa. Mutanen da suka assasa fannin sun ce a'a, ofis ba na mai zama a cikinsa ba ne, a ɗauki mutum don cancanta, a rubuta ƙa'ida, a bi ta ba tare da duban fuskar kowa ba. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki mai kyau. Amma a jarrabawar babu wanda ya ce fuskar ta surukinka ce.

Ranar Litinin da safe na shiga ofishin Beverley na gaya mata komai, na kuma miƙa mata a rubuce. Ta saurare ni tana murmushi, ta ce ba komai, ita za ta karɓi takardar da kanta, kuma za a rufe fayil ɗin a kwamfuta yadda ba zan iya buɗewa ba. Sai ta ce, "Ka kira shi kawai ka yi masa bayani." Na dube ta. Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa ni ba na kiran mutumin nan a waya, ba na cin abinci a gabansa, balle in buɗi baki in ce masa a'a. Ta ce to yaya muke magana? Na ce ta hanyar matata. Ta yi dariya har da share hawaye, ta ce ashe a gidanmu ma akwai bin matakai.

Bilkisu ta kai saƙo. Ta dawo ta ce Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta ko za ta sha shayi. Na san an shiga uku. Azumi ya kama, muna zuwa Small Heath shan ruwa duk ƙarshen mako kamar yadda muka saba, amma in na durƙusa na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, ma'aikacin gwamnati." Surukata ta ci gaba da zuba mini kunu, sai dai ta daina tsame mini ƙosan da ya fi zafi. Gaskiya abin ya yi mini ciwo. Mutumin nan ya ba ni 'yarsa bai tambaye ni komai ba, sau ɗaya tak ya nemi abu a wajena, kuma ya riga ya yi alkawari a gaban jama'a da sunana.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, don an rufe mini ƙofa. In maganar ta taso a ofis sai Beverley ta ce in je in dubo wani fili. Daga baya na haɗa labarin, rabi daga bakinta, rabi daga bakin Bilkisu.

Da Baba Alhaji ya ga ƙaramin ya ƙi, sai ya yi abin da kowane dattijo daga gida zai yi, ya nemi babba. Ya ci ado ya tafi wajen kansilan unguwarsu a ranar da yake zama jin koken jama'a. Kansila ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce shawarar ta burge shi, shi ma zai so zuwa. Baba ya ce to madalla, a ɗaga waya a gaya wa yaran ofis su sa hannu. Kansila ya ce ai ba ya iyawa. Shi da 'yan'uwansa kansiloli su ke zama su tsara manufa, su ce ga yadda za a riƙa ba da filaye, ga kuɗin da za a kashe, amma wa za a ba wa za a hana, wannan na ma'aikata ne, in ya sa baki shi ma sai an tuhume shi. Baba ya koma gida ya ce wa Bilkisu, "Wane irin kansila ne wannan? A gida ko direban ciyaman ya fi shi iko." Ni kuwa da na ji sai na tuna ajinmu na shekarar farko, inda malami ya ja layi a tsakiyar allo, ya rubuta siyasa a dama, gudanarwa a hagu. Malaman da suka biyo baya sun yi ta musu cewa layin nan ba ya zama a miƙe, kuma suna da gaskiya. Amma ranar dai ya tsaya, kuma a kan surukina ya tsaya.

Dole ya cika takarda kamar kowa. A gurbin da aka ce a sa rana ya rubuta, Asabar ko Lahadi, in Allah Ya so. Beverley ta kira shi ta ce kwamfuta rana ɗaya take karɓa, wacce ce a ciki? Ya ce mata shi ma bai sani ba, sai an ga wata. Ta ce wa zai iya tabbatar mata? Ya ce Wanda ya sani ba ya aiki da council.

Tsarin kwamfutar nan ya samo asali ne daga wani zamani da aka shiga a fannin namu, lokacin da aka ce gwamnati ta cika nauyin jiki, a tafiyar da ita kamar kanti, ɗan ƙasa ya zama mai sayayya, ya danna ya zaɓa ya biya ya wuce. An samu sauri, ba na musu. Sai dai wanda ya tsara shi bai taɓa tunanin akwai mutanen da ba sa sanin ranar bikinsu sai jajibiri ba. Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan: Lahadi babu kowa a filin, amma Asabar wata ƙungiya ta riga ta kama tun tuni. Baba ya ce a gaya masa ko su wane ne ya je ya same su. Beverley ta ce ba ta da ikon ba da sunan kowa, amma in ya yarda za ta ba su lambarsa, in sun ga dama su kira.

Bayan kwana biyu wata mata ta kira shi. Suka fara da Turanci, tana jin yadda yake furta kalmomi sai ta tsaya ta ce, "Baba, ina wuni?" Ashe Mama Laraba ce, 'yar Jos, nas ce da ke zaune a Lozells, ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinsu, su ne suka kama Asabar don wasan yara da cin abinci. Baba ya ɗauka an gama, tunda 'yar gida ce. Bai san da wadda ya haɗu ba. Ta ce ta san darajar Idi, a unguwar Musulmi ta girma, amma ita ma tana da mata da za ta yi wa bayani, kuma sun riga sun yi hayar rumfuna don ranar Asabar ɗin.

"In wata ya kama ku Asabar, mu za mu koma Lahadi bayan sujada," in ji ta. "Amma rumfunanku ku bar mana su a kafe, samarinku su zo su jera mana kujeru. Kuma Baba, masa da miyar taushe, a ajiye mana namu. Na yi shekaru ban ci na hannun Kanawa ba."

Baba ya ce ko a kasuwar Kwari bai taɓa ganin ciniki irin wannan ba, amma ya amince.

Saura ƙa'ida. Beverley ta zauna ta karanta ta daga farko har ƙarshe, ta ga ba ta ce ƙungiyoyi biyu su haɗa takarda ɗaya su kama kwana biyu ba, ba ta kuma hana ba. A irin wannan gurbin ne ake gane ma'aikaci. Wani zai ce tunda ba a rubuta ba babu, ya rufe fayil ya tafi cin abinci. Ita sai ta rubuta dalilinta, ta kai wa darakta ya amince, ta kuma sa a rubuta cewa duk wata ƙungiya da bikinta ke bin wata, ko wane addini ce, za a yi mata haka nan gaba. Wannan na ƙarshen shi ne ya raba abin da ta yi da alfarma. Izini ya fito. Baba bai gaya mini ba, a bakin Bilkisu na ji, kuma har lokacin ni ranka ya daɗe ne.

Ana saura kamar mako guda Sallah sai abu ya ɓaci. Wani mutum da gidansa ke kallon filin, wanda ke tsoron motoci za su toshe masa ƙofa, ya ji a shagon aski cewa ai surukin shugaban masu taron ne ke raba filaye a council. Ba ƙarya aka yi masa ba, Baba da bakinsa ya yi ta faɗa tun kafin azumi. Mutumin ya shigar da ƙorafi cewa an ba da fili da sanayya. Irin wannan ƙorafi ba a wasa da shi. Nan take aka dakatar da izinin har sai an bincika, kuma in an samu hannuna a ciki ko kaɗan, izini ya mutu, ni ma aikina yana rawa.

Ranar da yamma, ina hanyar komawa gida, wayata ta yi ƙara. Na duba na ga lambar Baba Alhaji. Sai da na tsaya a gefen titi na gyara tsayuwa kafin in ɗauka, har na ɗan rusuna, mutane na wucewa suna kallona.

"Kabiru," in ji shi. Rabon da ya kira sunana tun kafin azumi. "Tsakaninka da Allah, ka taɓa takardar nan?"

"A'a, Baba."

"Ko don ka ga inda aka kwana? Ko leƙawa?"

"Ko leƙawa ban yi ba, Baba. An ma rufe mini ita."

Sai na ji ya sauke numfashi ya ce, "To, alhamdu lillahi da taurin kanka." Ya kashe wayar.

Washegari jami'ar da ke binciken ƙorafi ta kira ni, wata wadda ba 'yar sashenmu ba ce. Ta yi mini tambayoyi, ta ga na shaida wa Beverley tun kafin takardar ta iso, ta ga ban taɓa buɗe fayil ɗin ba. Ba a daɗe ba aka maido da izini. Shi ma mai ƙorafin ba a watsar da shi ba, don maganarsa ta motoci gaskiya ce. Aka sa wa ƙungiya sharaɗin ta tsayar da mutane a bakin layin su hana kowa ajiye mota a ƙofar gidajen jama'a.

Ranar Juma'a labari ya iso cewa an ga wata. Sallah ta kama Asabar, ranar Mama Laraba. Da safe aka ɗan yi yayyafi, don ƙasar nan ba ta iya barin mutum ya ji daɗi gaba ɗaya, sannan gari ya washe. Na isa na tarar an shimfiɗa leda a ƙasa, tabarmi a kai, sahu ya miƙe daga wannan bishiya zuwa waccan. Coach ɗin Manchester ta iso ana kabbara. Yaran da aka haifa a nan, da shaddodinsu da takalman ƙwallo, suna ta tambayar iyayensu da Turancinsu na Birmingham ko da gaske a kan ciyawa za a yi sujada. Na hango Baba Alhaji a sahun gaba, jikansa na riƙe da gefen rigarsa, yana share ido da hannun riga yana yi kamar iska ce ta shiga masa. Ni ma sai da na ji ƙwalla.

Bayan an idar aka buɗe kuloli. Mama Laraba ta zo da matanta biyu karɓar nasu kason, ta ɗanɗana miyar a tsaye ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan amma ta yafe. Beverley ma ta leƙo, wai ta zo duba shara, ta tafi da masa a leda. Ni ina can gefe da rigar masu tsare motoci, don aikin da aka ba ni ke nan a matsayina na ɗan ƙungiya, sai aka ce Baba na kira.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa da manyan baƙi. Na durƙusa. Dokta Aminu, likitan nan da ya jagoranci mutanen Manchester, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ne surukin namu na council? Ai shi ya sa. Mu a Manchester ba mu da kowa a ciki, shi ya sa har yanzu muke hall."

Baba Alhaji ya ajiye cokalinsa. Ya ce, "Dokta, wannan shi ne surukina da ya ƙi taimaka mana. Da ya taimaka, da yanzu muna hall mu ma." Sannan ya matsa gefe a kan tabarma, ya turo mini kwanon da yake ci, ya ce, "Zauna ka sa hannu."

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuka fara aikin nan, shi ne mutanenmu ba mugunta ce ke sa su nemi nasu a ofis ba. Sun fito ne daga inda in ba ka da kowa a ciki takardarka ba ta motsi, don haka in sun same ka sai su ji sun samu ƙofa. Kada ku raina su, kada kuma ku buɗe musu ta baya. Ku nuna musu ta gaba, ku tabbata tana buɗuwa, ko da za a yi wata guda ana ce muku ranka ya daɗe. Ƙa'idar da ta hana ni taɓa takardar Baba ita ce ta tsare masa filinsa ranar da aka zo ƙwacewa, kuma abin da duk littattafan da na karanta a Hulme suke ta kewaye-kewayen faɗa ke nan.

Tuwon kuwa, loma biyu na iya yi, kaina a sunkuye, gumi na keto mini. Baba ya kalle ni ya ce wa Dokta, "Ka gani ko? Ko a cin abinci sai ya bi ƙa'ida." Daga ranar bai sake cewa na karanta a dawo gobe ba. In an tambaye shi aikina sai ya ce, "Yaronmu ne a council. Kada ma ku je wajensa."